Dokar Hana Goyo

Surayya Tukur 'yar Maradun ce. Tana shekara uku shan inna ya ɗauke mata ƙafafu biyu, amma ba a lallaɓa ta a gida ba. Mahaifinta, Malam Tukur, manomin shinkafa ne mai ƙarancin magana. Ya saya mata keken guragu, ya ce ta yi karatu har inda ƙarfinta ya tsaya. Ƙarfin bai tsaya ba, har ta kai shekarar ƙarshe a sashen koyar da dabarun noma na wata ƙaramar jami'a mai zaman kanta da ke bayan garin Talata Mafara.

Azuzuwa a ƙasa suke, amma ofisoshin sashen duk suna saman bene: ofishin shugaban sashe, na jami'in jarrabawa, da ɗakin taro. Matakala goma sha tara ce tsakaninta da su. Duk ranar da ake bukatar sa hannu a takarda, ko ganin malamin da ke duba kundin bincikenta, sai an hau da ita. Maza ba su ɗaukarta. Ita ba ta yarda ba, su ma ba su nema ba. Mai wannan aikin ita ce Inna Nagode, mai sharar sashen, wata dattijuwa 'yar Bakura, gajeriya mai faɗin kafaɗa. Ranar farko da ta ga Surayya a gindin bene da fom a hannu tana kallon sama, ba ta nemi izinin kowa ba. Ta jingine tsintsiya, ta cire zanen da ta yafa, ta durƙusa ta juya mata baya.

"Hau, ɗiyata," ta ce. "Bakwai na goya, kuma duk sun fi ki motsi."

Shekara uku ana haka. Surayya ba ta taɓa son goyon ba. Ba ta son yadda 'yan ajinsu maza ke kawar da kai cikin ladabi, ba ta son yadda ƙafafunta ke reto a gefe, ba ta son jin numfashin tsohuwar yana nauyi tun daga matakala ta goma. Amma tana son Inna Nagode, kuma babu wata hanya, don haka ta haɗiye.

Wata Litinin cikin watan Agusta aka kwana ana ruwa, iska ta watso shi kan matakalar. Suna saukowa, saura taki biyar, silifas ɗin Inna Nagode ya zame. Suka gangaro tare. Surayya ta fasa leɓe ta kuje gwiwar hannu. Inna Nagode kuwa ƙugunta ta buga a kankare, ta kasa miƙewa. Aka kai ta asibiti, bayan kwana biyu 'ya'yanta suka tafi da ita Bakura.

Ranar Alhamis aka manna sanarwa a kowane allo. Daga yau ba a yarda wani ma'aikaci ya ɗauki ɗalibi ko baƙo mai nakasa, ko ya goya shi, ko ya riƙe shi, ko ya tura kekensa ba, sai wanda aka yi wa horo. Za a shirya horon nan gaba. An kuma kafa kwamiti.

Surayya ta fara ganin aikin sanarwar washegari a bakin ƙofar makaranta. Akwai wata kwata a wurin da murfinta ya karye tun bara. Kullum mai gadi, Baba Bawa, shi ke taka ƙarfen bayan keken, ya ɗaga ƙafafun gaba ya tsallakar da ita, suna gaisawa. Yau sai ta tarar da shi tsaye, hannayensa biyu a bayansa.

"Ina kwana, Baba?"

"Lahiya lau, ɗiyata. An tashi lahiya? Ya jiki? Ya mutanen Maradun? Ya ruwa?"

Ta amsa duka. Gaisuwa ta ƙare, bai matso ba.

"Ki yi haƙuri," ya ce, yana kallon ƙasa. "Jiya anka tara mu, anka karanta muna takarda. Sun ce wanda duk ya taɓa ki, bakin aikinai."

"Ai ba ni za ka taɓa ba, Baba. Keke ne."

"Har keken sunka ce."

Ta duba kwatar. Faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba. Ta zauna a nan wajen minti goma, har wata mai sayar da awara ta aje bokitinta ta zo. Matar ba ta taɓa tura keke ba, ta ɗaga shi ta gefe ɗaya, saura kaɗan ta kifar da ita. Baba Bawa yana zagaye su yana ba da umarni da baki: "Taka ƙarhen baya. A'a, wancan. Sannu-sannu. Kar ki saki." Hannayensa na nan a baya. Da Surayya ta tsallaka sai ta gode wa matar, ta wuce ba ta waiwayi tsohon ba, ko da yake ta san ba laifinsa ba ne.

Abin da ya fi damunta shi ne ranar Alhamis mai zuwa za a kare kundi, kuma a ɗakin taro na sama ake yi, gaban shugaban sashe da wani farfesa da za a gayyato daga wata jami'a. Ta tsaya a gindin bene ta kira Malam Hamidu, jami'in jarrabawa, a waya. Ya ce ga shi nan saukowa. Ya sauko bayan minti arba'in, da biro a bayan kunne da tausayi cike da fuska.

"Surayya, wallahi abin nan ya dame mu ƙwarai. Ya leɓen?"

"Da sauƙi, Malam. Maganar Alhamis ce. Ko za a sauko da nawa ƙasa, a yi a wani aji?"

"Azuzuwa duk akwai jarrabawa a makon gobe."

"To a baranda. Ko ƙarƙashin dalbejiyar can."

Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa yaro ya faɗi abin dariya. "Ƙa'ida ta ce a ɗakin taro. Kuma majigin a rufi aka ɗaure shi."

"Ba na bukatar majigi. Taswira biyu ce, na buga su a takarda."

"Zan kai wa kwamiti."

"Kwamitin ya zauna?"

"Ana jiran shugabansa ya dawo daga Gusau."

"Yaushe zai dawo?"

"In sha Allahu."

Har ya juya zai hau, sai ya tsaya ya rage murya, ya gaya mata an dakatar da Inna Nagode daga aiki har a gama bincike, saboda ta riƙa ɗaukar ɗaliba ba tare da izini ba.

"Ba tare da izini ba?" Surayya ta ce. "Malam, sau nawa kai da kanka ka leƙo ta taga ka ce Inna ta kawo ni in sa hannu?"

Malam Hamidu ya cire biron daga bayan kunne ya dube shi. Ya ce ba shi ya rubuta takardar ba, kuma yana da taro.

Ranar Asabar da safe ta ɗauki ƙawarta Fiddausi, 'yar ajinsu, suka shiga motar Bakura, aka ɗaure keken a but ɗin motar. Shinkafa ta yi kore shar a gefen hanya, amma Surayya ba ta ga komai ba, tana ta shirya maganganun da za ta faɗa wa mutanen da ba za ta iya hawa ta same su ba. Suka sami Inna Nagode kwance kan tabarma a rumfar tsakar gida, 'yarta na shafa mata man zafi. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka kawo fura. Surayya ta fara ba da haƙuri, tsohuwar ta katse ta.

"Ke kinka zuba ruwan? Silihwas ne, ya tsufa, ni ma na tsufa." Ta gyara kwanciya tana cije baki. "Na ji an ce Alhamis za ki tsaya gaban manya. Zan taho in hau da ke."

"Inna, ko zama ba ki iya yi."

"Kahin Alhamis na warke. Kuma takardarsu ta ce ma'aikaci. Ni yanzu ba ma'aikaciya ba ce, su sunka kore ni. Baƙuwa nike, in goya wadda na ga dama."

Fiddausi ta yi dariya. Surayya ba ta yi ba.

"Ba za ki zo ba, Inna. Ko kin warke ba zan hau ba."

Tsohuwar ta ɗago kai ta dube ta. "To. Goyon nawa ya gundure ki ke nan."

"Ba goyonki ba. Goyon gaba ɗaya." Ta aje furar a gefe. "Shekarata ashirin da huɗu. Shekara uku kina hawa da ni, kowa na cewa Allah ya saka miki, babu wanda ya taɓa cewa bari in sauko da takardar nan, ai ba ta da nauyi. Da ke da ni mun sauƙaƙa musu. Yanzu ƙugunki ya tafi, kuma ke ce mai laifi."

Kaji na tsattsagar ƙasa kusa da turmi. Can Inna Nagode ta ce, "Ni dai na ga yarinya zaune tana kallon sama. Ban iya wucewa ba."

"Na sani, Inna."

"To sha hurarki. Kin bar ta tana tsinkewa."

Suka baro Bakura tun kafin la'asar, don ba a son yin yamma a hanya.

Ranar Laraba Malam Hamidu ya aiko mata da saƙo. Kwamiti bai zauna ba, amma shugaban sashe ya samo mafita: za ta kare kundinta ta waya. Su suna sama, ita tana ƙasa, za a sa ta a sifika. Surayya ta karanta saƙon sau uku. Ta rubuta amsa mai tsawo, ta goge, ta rubuta "To, Malam."

Ranar Alhamis tun ƙarfe takwas tana barandar ƙasa, sanye da atamfar da ta ɗinka musamman, kundinta a cinya. Ƙarfe tara wata mota ta tsaya, aka fito da baƙon, Farfesa Yakubu, dogon dattijo mai furfura, yana dogara sanda, gwiwarsa ta dama ba ta lanƙwashewa. Ya tsaya a gindin bene ya kalli matakalar ya sauke numfashi. Nan take shugaban sashe ya aika aka kira Baba Bawa daga ƙofa. Shi da masinjan ofis suka kama farfesan, wannan ta hammatar dama, wancan ta hagu, suka hau da shi taki-taki, shugaban sashe na biye da jakarsa yana ta sannu.

Da Baba Bawa ya sauko sai ya nemi ya bi ta bayan ginshiƙi. Surayya ta kira shi.

"Baba, ashe an yi maka horon. Barka."

Tsohon ya tsaya ya sosa ƙeya. "Ɗiyata, mu mi ne namu ciki? Anka ce bari, munka bari. Anka ce kama, munka kama."

Ya tafi.

'Yan ajinsu suka kewaye ta. Mubarak, shugaban aji, ya ce sanarwar ba ta hana ɗalibai ba, su huɗu za su ɗaga ta da kekenta ɗungurungum. Ta tambaye shi yadda za su yi da kwanar da ke tsakiyar matakalar, inda ko tebur sai an karkata shi. Ya ce za su san dabara. Ta ce ta gode, amma ta faɗo sau ɗaya a watan nan, ya ishe ta. Wani ya ce taurin kai ne kawai. Ta ji shi, ta ci gaba da duba kundinta.

Ita ce ta tara a jerin masu kare kundi. Sai wajen sha biyu wayarta ta yi ƙara. Muryar Malam Hamidu ta fito kamar daga cikin randa, ya ce ta fara. Ta gabatar da kanta, ta ce bincikenta a kan yadda manoman rani ke raba ruwa tsakaninsu ne a yankin Bakura da Maradun. Tana cikin bayanin dalilin binciken sabis ya ɗauke. Aka sake kira. Aka ce ta koma daga farko. Ta koma. Ta kai inda ta tsaya, ta wuce kaɗan, sai ta lura ita kaɗai take magana, wayar ta mutu tun tuni. Fiddausi, da ke tsaye kusa da ita riƙe da taswira, ta juya fuska bango.

A kira na uku ta ji wata murya mai kauri, wadda ba ta sani ba, tana cewa, "Wai daga ina yarinyar nan take magana ne? Tana can Maradun ɗin?"

Surayya ta jira ko wani zai amsa. Babu wanda ya amsa.

"A'a, ranka ya daɗe," ta ce. "Ina ƙasanku. In ka leƙo ta taga ta biyu za ka gan ni."

Ta ji ƙarar jan kujera, da ƙwanƙwasar sanda. Tagar ta buɗe, furfurar farfesan ta leƙo. Ya dube ta, ya dubi keken, ya dubi wayar da ke hannunta. Ya koma ciki. Wayar na nan a buɗe, don haka ta ji shugaban sashe yana bayani da sauri: hatsarin da aka yi, da sanarwa, da kwamiti, da ƙa'idar ɗakin taro. Farfesan ya tambaya ko sanarwar ta haɗa da baƙi. Aka ce e, cikin ƙaramar murya.

Jim kaɗan ya bayyana a saman matakala. Shugaban sashe ya ce a kira Bawa. Farfesan ya ce a bar shi, tun da akwai doka. Ya kama ƙarfen gefe da hannu ɗaya, sanda a ɗayan, ya fara saukowa, yana aje ƙafar hagu sannan ya jawo ta dama. Malamai uku na biye da shi, hannayensu a miƙe kusa da jikinsa, babu mai iya taɓa shi. A kwanar tsakiya ya zauna kan matakala ya huta, gumi na bin wuyansa. Surayya ta ji tausayinsa, ta kuma ji haushin yadda kowa ke ta salati a hankali kamar ba su taɓa ganin mutum da matakala ba. Saukowar ta ɗauke shi wajen minti goma.

"A kawo kujeru," ya ce da ya taka ƙasa.

Masinja ya hau ya sauko da kujerun roba uku da ƙaramin tebur. Surayya ta dubi agogon wayarta. Minti biyu aka yi. Kwana shida tana neman wannan minti biyun.

Farfesa Yakubu bai yi wa kowa wa'azi ba, kuma bai sassauta mata ba. Ya buɗe kundin, wanda ya cika da jan biro, ya tambaye ta me ya sa cikin manoma sittin da ta yi hira da su mata shida ne kacal. Ta ce mata kaɗan ne ke riƙe da gona da sunansu a inda ta je, kuma shidan su ne duk waɗanda ta samu. Ya ce to ta rubuta haka a fili, kada ta bar mai karatu ya yi tsammani. Ya tambaye ta ko ta je gonakin da kanta ko aike ta yi. Ta ce a amalanken shanun mahaifinta ta zagaya, mako uku. Ya ce a shafi na arba'in da ɗaya ta yi iƙirarin cewa masu gonakin ƙarshen magudana su ne suka fi cutuwa, amma alƙalumanta ba su kai su tabbatar da haka ba. Ta buɗe taswira ta biyu ta nuna masa inda ruwa ke tsayawa. Suka yi ta ja-in-ja kusan minti ashirin, har ta manta da ɗaliban da suka cika baranda. A ƙarshe ya rufe kundin ya ce ta ci, amma sai ta gyara babi na huɗu. Sauran ɗalibai shida da suka rage, a barandar aka yi musu nasu, don ya ce ba zai sake hawa ba.

Da aka watse, Malam Hamidu ya zo gefenta yana fara'a, ya ce alhamdu lillahi komai ya tafi daidai, kuma shugaban sashe yana ganin ya kamata a sa ta cikin kwamitin a matsayin wakiliyar ɗalibai.

"Inna Nagode fa?" ta ce.

"Wannan maganar tana ofishin magatakarda."

"To a gaya wa magatakarda ina da shaida a kanta. Ya sauko ko ya aiko wanda zai rubuta. In an gama da ita, sai mu yi maganar kwamiti."

Aka aiko wata sakatariya ranar Litinin, ta zauna a baranda ta rubuta shafi biyu. Bayan mako biyar aka mayar da Inna Nagode bakin aiki, amma aka tura ta ɗakunan kwanan mata, inda babu bene. Horon da aka yi alkawari an yi shi da safe ɗaya, wata ma'aikaciyar jinya ta zo ta nuna wa masu gadi da masinjoji yadda ake tura keke da yadda ake tambayar mutum kafin a kama shi. Malamai ba su halarta ba, suna da taro. Ofisoshi kuwa suna nan a sama.

Surayya ta koma Maradun a ƙarshen makon da ta ba da shaidar. Ta tarar da mahaifinta a zaure yana gyaran igiyar shanu. Ta ba shi labari tun daga farko, tana yi tana ƙara hasala, har da kwaikwayon muryar Malam Hamidu. Malam Tukur ya saurara bai ɗago kai ba. Da ta gama sai ya ce, "Shi malamin da ya zo, mi ya ce kan masu gonakin ƙarshe?"

"Ya ce ban kawo isasshiyar hujja ba."

"Bai taɓa jiran ruwa ba ke nan." Ya aje igiyar. "Ɗauko littahin naki. Akwai mutum huɗu a ƙarshen magudana, ƙasan gonar Ɗantala, da ba ki yi magana da su ba. Gobe in an yi sallah sai a ɗaura shanu."